Sista Justina da Maganin da Muka Raba Biyu

Rita, aje jakar nan ki zauna. Tun da kika shigo kike ƙunƙuni, wai an sake tura ki kwas, wai abin da kika riga kika sani ne za su maimaita maku, wai wa zai tsare maki kilinik ɗin Lugbe har kwana biyar. To ki sha ruwa tukuna. Zan ba ki labarin matar da ta fi ki zuwa kwas, wadda in da ba ta je ba, da ba ki taɓa ganin kakanki Mato da idonki ba.

Sunanta Justina. Mu Sista muke ce mata. 'Yar wajen Kagoro ce, aiki ya kawo ta Kurudu, mijinta kuma yana koyarwa a Karu. Gajera ce, kakkaura, tana da tabarau da ƙafa ɗaya ta karye ta ɗaure da zare. Muryarta kuwa, in ta kira suna a kilinik, wanda yake gona ma sai ya amsa. Ba ta jin Gbagyi sai gaisuwa, gaisuwar ma in ta yi sai yara su faɗi ƙasa don dariya. Da Hausa muke magana, tata ta karkace can, tamu ta karkace nan, mu haɗu a tsakiya.

Kilinik ɗin ɗaki biyu ne da rufin kwano, sai benci uku a ƙarƙashin mangwaro. Da farko in ta ga mutum goma a rana an yi yawa. Amma lokacin nan ne ake ta cewa gwamnati za ta taso daga Legas ta dawo nan. Mun daɗe muna ji, tun babanki James yana goye a bayana ake faɗi, har muka daina yarda. Sai ga tifa, sai ga baƙi. Nyanya ta cika, Karu ta cika, aka fara gangarowa Jikwoyi, aka zo mana. Birkila, kafinta, masu sayar da abinci, matan masinjoji da 'ya'yansu. Benci uku ya daina isa. Ita kaɗai ce, ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai wanke ciwo, ita ce mai faɗa.

Duk da haka, shekara ba ta wucewa sai ta rufe ƙofa ta tafi kwas. Wani lokaci kwana uku, wani lokaci sati biyu. Ta ɗaura 'yar jakarta a bayan mashin, ta bar mashin a Karu, ta shiga mota.

Ke dai bari, mun yi gulmarta. A rafi muke yi, wurin wanki.

Wata ta ce, “Matar nan da furfura a kanta har yanzu ba ta gama makaranta ba?”

Wata ta ce, “Faɗuwa take yi a jarrabawa, shi ya sa suke sake kiranta.”

Ni ma na sa baki, ba zan ɓoye maki ba. Na ce, “Ashe da rabin karatu take tsira mana allura.” Muka yi ta dariya har zanen wata ya bi ruwa.

Maganar ta kai kunnenta, don a Kurudu ba abin da ba ya kaiwa. Ran da na kai ƙanwar babanki awo sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Maman James, na ji an ce ban gama makaranta ba.”

Na ce, “Sista, wa ya faɗa?”

Ta ce, “Gaskiya suka faɗa. Ban gama ba. Ɗora yarinyar a sikeli.”

To kakanki. Manomi ne, doya da dawa, amma da aka ci rabin gonarmu da hanya sai ya shiga aikin fasa dutse a wani kamfani. Yana kwana a barikin lebura a Nyanya, su ashirin a ɗaki ɗaya, taga ɗaya, sai Asabar ya dawo gida. Da damina ya fara tari. Muka ce ƙurar dutse ce. Sista ma haka ta ce, ta ba shi maganin tari na ruwa. Ya shanye, ta ƙara masa, ta haɗa da allura biyar. Tari yana nan. Wandonsa ya fara faɗuwa, sai da na ƙara masa igiya. In ya tashi da safe tabarma sharkaf da gumi. Oga ya ce masa ya je gida ya huta, kin san irin hutun nan da ba a sake kiran mutum.

Cikin haka ta tafi kwas Zariya, sati biyu. Ran da ta dawo, ko gida ba ta shiga ba, sai ga mashin a ƙofarmu. Ta zauna a kan turmi ta ce, “Mato, na yi maka kuskure. Wata huɗu ina ba ka maganin da ba naka ba. An koya mana duk tarin da ya wuce sati uku a kai kaki a gwada. Da na sani tun farko da na tura ka.”

Ni ban taɓa jin mai farin kaya ya ce ya yi kuskure ba. Sai abin ya ba ni tsoro ma. Na ce a raina, ga shi nan, da bakinta ta faɗa, rabin karatu.

Ta ba shi 'yan kwalabe ya tofa kaki, ita da kanta ta kai babban asibiti. Na tuna satin sarai, don satin ne shugaban ƙasa ya taso daga Legas gaba ɗaya. Gari ya tafi kallo, motoci da jiniya tun daga filin jirgi, an kwashi 'yan makaranta da tutoci. Ni ina tsakar gida ina wanke tsumman da kakanki ya yi tari a ciki, na ga jini a jiki. Da sakamakon gwajin ya fito ta ce tibi ne, tarin fuka.

Ta ce, “Yana warkewa. Amma wata takwas ne, kullum, ba fashi. Ko ya ji garau kada ya daina. Akwai jan kafso a ciki, zai sa fitsarinsa ya yi ja, kada ku ce jini ne.”

Ta ƙirga na wata ɗaya ta zuba mini a gwangwanin madara, ta ƙulla na kowace rana daban a takarda don ban iya karatu ba. Ta ce ƙarshen wata in kawo gwangwanin ta gani. Ta ɗaga yatsa ta ce, “In na ga ƙulli ɗaya ya rage, Maman James, ni da ke ne.”

Sati uku da farawa, mutum ya fara cin tuwo malmala biyu. Gumi ya ragu. Har ya fita ya zauna a rana yana gyara ƙotar fartanya.

Yanzu ki saurara, don nan ne abin yake. Gidanmu babban gida ne, ƙofa ɗaya. Sashen gabas na Yaya Nababa ne, wan kakanki, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi Musulmi ne, mu muna zuwa coci, ba wanda ya taɓa damuwa da wannan. Shi ya riƙe Mato tun babansu ya rasu, shi ya ba shi gona, shi ya je neman aurena. Kuma a wurinmu duk abin da ya shigo ta ƙofar nan, babba ne yake fara samu. In an kashe gafiya a gona, cinya tasa ce. Doyar farko, tasa ce. Ko gishiri na sayo a kasuwar Karu sai na ɗebi nasa na kai kafin in zuba a miya. Ba roƙo yake yi ba, ba ya ma tambaya. Haka muka tashi muka gani. Wanda ya ci abu shi kaɗai a gida, ko yara ba sa gaishe shi da daɗi.

To Yaya ma yana tari. Ya riga Mato farawa ma, sai dai shi bai yarda da asibiti ba, saiwa yake jiƙawa. Kullum da safe ya zo duba ƙanensa, ya zauna, ya yi tari har ya dafe ƙirji, ya ce, “Sauƙi yana samuwa, Alhamdulillahi,” ya tashi. Bai taɓa kallon gwangwanin ba.

Wata safiya bayan ya fita, kakanki ya riƙe ƙullin magani a hannu ya kasa kwancewa. Ya ce, “Hannatu, ina jin tarin Yaya ta bango, ni kuma ina haɗiyar magani ni kaɗai kamar ɓarawo. Ki kai masa.”

Na ce, “Baban James, in ya ƙare kafin wata fa? Sista za ta cinye ni ɗanye.”

Ya ce, “Ke kika san yadda za ki yi.”

Na kuwa san yadda na yi, har ina jin kaina mai wayo. Yau Mato ya sha, gobe in kai wa Yaya. Ƙulli talatin, kwana talatin. Ƙarshen wata gwangwani ya zama fanko daidai ranar da ya kamata. Na durƙusa na miƙa wa Yaya na farko, ya karɓa da hannu biyu ya sa mini albarka. Na gaya masa maganar jan fitsari don kada ya tsorata.

Da na kai gwangwani, Sista ta leƙa, ta juya shi ƙasa, ta ɗaga shi sama a gaban mutanen benci ta ce, “Kun ga? Matar da ba ta je makaranta ba ta fi ku duka. Haka ake shan magani!” Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai.

Amma jiki bai yarda da wayona ba. Wata na biyu gumi ya dawo. Tuwo ya koma malmala ɗaya, ya koma rabi. Ta ɗora shi a sikeli, ta sauke shi, ta buga sikelin da hannu, ta sake ɗora shi. Aka sake kai kaki, aka ce ciwon yana nan daram.

Ta yi mini faɗa ranar, faɗan da har masu jiran allura suka yi shiru. “Yana sha kuwa?”

Na ce, “Ana sha, Sista.” Ban yi ƙarya ba ai, ana sha.

“Kullum?”

“Kullum ana kwance ƙulli.”

Da ta ƙara ɗaga murya sai na ƙara rufe bakina. Kuma Allah ya sani, ni ban haɗa ramar da rabon ba. A tunanina magani kamar abinci ne, in kun raba kowa ya ɗan samu. Na fi zargin wani ne ya yi masa asiri a wurin fasa dutse.

Ana haka takarda ta zo mata, kwas kuma, na kwana huɗu. Ran da na ga ta kulle kilinik na tsaya a bakin hanya na ce mata, “Sista, mijina yana mutuwa ke kina tafiya makaranta?”

Ta tsayar da mashin ta ce, “Abin da na sani ya ƙare a kan mijinki, Maman James. In na zauna, zama kawai zan taya ki.” Ta wuce. Na yi mata Allah ya isa a ciki, ban furta ba.

Abin da ya faru a can, ita ta ba ni labari daga baya, shekaru bayan nan, muna ɓare gyaɗa. Ta ce sun kai su sittin a ɗakin, yawancinsu yara ne sababbin fitowa. Aka ce wa yake da tambaya. Ta miƙe da furfurarta ta ce tana da maras lafiya, ƙirga daidai, kati daidai, matarsa mai ƙoƙari, amma yana ƙarewa a gabanta, ba ta san abin da ta yi ba daidai ba. Wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Likitan da yake koyarwa, ta ce bai kai ƙanenta na uku ba a shekaru, ya tambaye ta abu uku. Kin taɓa ganin ya haɗiya da idonki? Kin duba fitsarinsa? Wa kuma yake tari a gidan? Ta ce ko ɗaya ba ta da amsa. Ya ƙara da cewa wanda ake yi wa tsawa ba ya faɗin gaskiya, abin da zai sa a daina tsawar yake faɗi. Ta ce, “Na zauna kamar 'yar aji ɗaya, kunnena yana zafi, amma na rubuta.”

Ta dawo ran Alhamis. Juma'a da hantsi, ba sanarwa, sai ga ta. Ranar kuwa ranar Yaya ce, na riga na kai masa tun da sassafe. Ta gaishe mu a hankali, har na ɗauka ba ta da lafiya. Ta ce, “An sha na yau?”

Na ce, “An sha.”

Ta zaro kwalba daga jaka ta miƙa wa kakanki. “Mato, zaga baya ka ɗan yi mini fitsari a nan.”

Ya ce, “Sista, da girmana?”

Ta ce, “Na ga abin da ya fi wannan. Tashi.”

Ya dafa bango ya je ya dawo. Ta ɗaga kwalbar a rana. Fari tas, kamar ruwan rijiya. Na gyara tsayuwa ina jiran tsawa.

Ba ta yi ba. Ta aje kwalbar a gindin bango, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna kusa da ni, ta rage murya. Ta ce, “Maman James, ba faɗa na zo yi ba. Wa kuma yake tari a gidan nan?”

Ba sai na amsa ba ma, don daidai lokacin Yaya ya sako tarinsa daga sashen gabas, dogo, har da shaƙewa. Ta juya ta saurara har ya gama. Ta ce, “Shi ne fitsarinsa yake ja yau?”

Sai kawai na fashe da kuka na faɗa mata duka, yau nan, gobe can. Kakanki ya ce, “Kada ki ga laifinta, ni na sa ta.”

Ta cire tabarau ta goge da bakin riga. Ta mayar a fuska. Can ta ce, “A garinmu ma haka ake yi. Da nawa ne, da na kai wa yayana. Ni ce ban yi tunani ba.” Sannan ta bayyana mana, da misalin da zan gane. Ta ce rabin tuwo yana rage yunwa, amma rabin wannan magani ba ya kashe ciwon, saba masa yake yi da magani, har ranar da ko an ba da cikakke ba zai ji ba. Ta ce in aka ci gaba haka, su biyun za mu binne.

Na ce, “To ni yaya zan yi? In shiga gaban Yaya in ce masa daga yau babu? Da wane baki?”

Ta ce, “Ba ke za ki faɗa ba.”

Ta ɗaura ɗankwali da kyau, ta yi sallama a sashen gabas, ta durƙusa har ƙasa da farin kayanta. Ina bayanta. Yaya yana kan buzu. Ta yi gaisuwar Gbagyinta mai ban dariya, bai yi dariya ba. Ta faɗa masa komai kamar yadda ta faɗa mana.

Ya ce, “Yarinya, kina nufin ni nake kashe ƙanena?”

Ta ce, “A'a, Baba. Ni ce na ce a sha kullum, ban ce mutum ɗaya ba. Laifin bakina ne. Ga naka nan yana jiranka a asibiti, cikakke, da sunanka, kyauta. Kaki kawai za ka tofa mini a kwalba in kai a duba.”

Ya kira ni. “Hannatu, daga yau ko kin kawo ba zan karɓa ba. Yaron nan ni na goya shi.” Yaron da yake nufi yana da 'ya'ya biyar. Amma maganar kwalba ya ce sam. Shi ba ya tofa yawunsa a ba baƙi su tafi da shi inda bai sani ba, ya san abin da ake yi da yawun mutum. Ta ce ita za ta kai da hannunta, ta tsaya a ƙone kwalbar a gabanta. Ya ce ya ji, ta tashi ƙafarta za ta yi tsami.

Da muka fito ta ce in ɗauko gwangwanin. Ta sa a jakarta. Na ce, “Sista, ba ki yarda da ni ba ke nan.”

Ta ce, “Na yarda da ke. Amma in ya kwana a ɗakinki, ki ji tarin nan ta bango sati ɗaya, za ki kai masa, shi ma wata rana zai karɓa. Ku mutanen kirki ne, shi ne matsalar. Kun ce duk abin da ya shigo ta ƙofar nan na kowa ne, ko? To wannan ba zai shigo ba.”

Haka kuwa aka yi. Ta je ta yi magana da likita, aka sake fara wa kakanki daga farko, wata takwas sababbi fil. Kullum gari na wayewa, kafin ta buɗe kilinik, za ki ji mashin. Ba ta shigowa. A waje take tsayawa, gindin ɗorawar da take gaban gida, ta buga ham sau biyu. Kakanki ya fito da kofin ruwa, ya tsallake bakin ƙofa, ta zuba masa a tafin hannu, ya haɗiya tana kallo.

“Buɗe baki. Ɗaga harshe.”

“Sista, ni akuya ne?”

“Akuya ta fi ka jin magana. Ɗaga.”

Ruwan sama ya sauka, hanyarmu ta zama taɓo, mashin ba ya wucewa, sai ta zo da ƙafa da takalmin roba da buhu a ka. Lahadi ma sai ta biyo kafin coci. Ran da za ta karɓi haihuwa a Jikwoyi ta aiko ya same ta a bakin titi. Maƙwabta suka fara cewa Mato ya yi sabuwar budurwa mai mashin. Na ce su bar mini ita, wannan na yarda.

Kuma kullum in ya gama haɗiya sai ta leƙa ta ƙofa ta ɗaga murya, “Baba, ina kwana! Kwalbarka tana nan!” Shi kuma ya amsa daga ciki, “Ta kwana lafiya!” Ya ce sai ya gama tada kunyar doya. Aka gama, ya ce sai an kafa sanda. Aka kafa, ya ce sai an ci sabuwar doya. Ta turo masa liman, ta turo masa mai unguwa. Bai yarda ba sai ran da ya faɗi a gona aka ɗauko shi. Ranar da kansa ya ce a kira yarinyar nan mai kwalba. Ta kai, ta dawo masa da tokar kwalbar a takarda kamar yadda ta yi alkawari, don ta roba ce. Aka fara masa nasa. Su biyu suke fitowa gindin ɗorawa, Yaya a kan kujera, shi yake fara haɗiya, sannan Mato.

Sati shida ya yi yana sha. Ciwon ya riga ya ci ƙirjin. Ya rasu dawa tana fitar da kai.

Sista ta zo zaman makoki ta zauna cikinmu mata a kan tabarma, ba ta buɗe kilinik ba sai azahar. Matar Yaya ta juya mata baya, ni ma shekara biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau, tana ganin mun hana mijinta magani muka ba namu. Sista ba ta kare kanta ba. Ni kaɗai ta ce wa, “Da na yi tambayar nan tun ranar farko, da wata uku na samu a kansa.” Daga ranar, duk wanda ya zo mata da tari, kafin ta taɓa magani sai ta tambayi mutum nawa ne a gidan, wa yake tari, wa yake fara cin abinci. Ta tattara mu duka, har jikokin Yaya, aka gwada mu.

Washegarin sadakar uku, na ɗauka ba wanda zai fita. Kakanki ya kwanta ya juya fuska bango, ya ce shi ya gama, wanda ya goya shi ya tafi, maganin me. Sai ga ham sau biyu. Bai motsa ba. Ta sake bugawa. Ta fi rabin awa a tsaye, masu zuwa gaisuwa suna wuce ta. Na fita na ce, “Sista, ki ba ni in kai masa ciki, yau kaɗai.”

Ta ce, “Ba zai shiga ba. Ki gaya masa Baba ya bar rabonsa don shi, in ya zubar, shi ya sani. Ina nan.”

Na shiga na faɗa masa yadda ta faɗa. Ya juyo daga bango. Sannan ya ce in miƙo kofi.

Wata takwas ya cika lokacin haƙar doya. An kai kaki na ƙarshe, muka jira kwana biyar. Ta zo da katin asibitinsa a hannu, wannan karon ta shigo har tsakar gida da mashin ɗinta, kaji suna watsewa. Ta ce, “Babu komai. Fes.” Ta ɗora shi a sikelin da ta ɗauro a baya, allurar ta wuce inda take tun kafin ya tafi fasa dutse. Ta ce in kwance igiyar wandon nan haka, ta gaji da ganinta.

Da ya haƙi doyar farko, ya zaɓi manya biyar ya aje gefe kamar kowace shekara. Na ga ya tsaya yana kallon sashen gabas. Sai ya ce in ɗauka mu je. Na ɗora a kafaɗa, muka bi ta gaban benci cike da mutane, ya sauke a ƙofar kilinik.

Ta fito da allura a hannu ta ce, “Mene ne wannan?”

Ya ce, “Rabon babba ne.”

Ta ce, “Ni ba yayanka ba ce, Mato. Na ma girme ka kuwa?”

Ya ce, “Ban sani ba. Ki karɓa dai.”

Ta ɗauki biyu, ta ce sauran ukun a kai wa matar Baba, kuma kada a ce daga wurinta ne. Sannan ta ce mu matsa mata daga ƙofa, tana da mutum arba'in, gobe kuma za ta tafi kwas a kan hawan jini.

Kakanki ya ce, “Har yanzu ba ki gama ba?”

Ta ce, “Ban gama ba.”

Shekara ashirin da shida ya ƙara a duniya bayan nan. Kowace shekara sai ya kai mata doya biyar, ta ɗauki biyu, har ta yi ritaya ta koma Kagoro, sannan ya riƙa ba direba. Shi ne ya riƙe ki a coci ran da aka sa maki suna, kika yi masa fitsari a sabuwar riga. Ya ɗaga rigar ya duba ya ce, “Fari ne, wannan ba ta sha nata ba.”